Kwana biyu a tanti, da tabarmar da na ƙi saye

Ranar da abokin karatuna Bature ya fara kawo maganar mu je mu kwana a tanti cikin duwatsu, dariya na yi, na ɗauka zolaya ce. Muna cikin watan Oktoba na 2024, shekarata ta biyu ke nan a Manchester, kuma kullum da safe sai na yi kokawa da kaina kafin in fito daga bargo, alhali ɗakina akwai na'urar ɗumi. Na ce masa ni da nake biyan haya don in tsere wa sanyi, me zai sa in ƙara biyan wasu kuɗin don in je in same shi har gidansu? Ya ce ai yanzu ne lokacin, ganyaye sun juya launi, cunkoson baƙi ya ragu, ƙananan ƙwarin nan masu cizo sun mutu. Ɗan Yorkshire ne, tun yana ƙarami ubansa ke jan sa hawan duwatsu. Wurin da ya zaɓa shi ne kwarin Great Langdale, a yankin tafkunan arewa maso yammacin Ingila da suke kira Lake District.

Mu huɗu muka tafi. Akwai Likita, Bakano, wanda ya haura shekara 10 yana aiki a ƙasar, shi ne mai mota kuma shi ne babbanmu, Yaya nake ce masa. Akwai wani Badamagare mai karatun digiri na uku a fannin ruwa, sai ni Bazazzagi, sai Baturen. Duk wanda ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, da wanda ke tsakaninsu da Damagarawa, ya san Likita ya shiga uku tun kafin a ta da mota.

Da na gaya wa Umma ta waya, sai da ta yi shiru tukuna. Ta ce, "Auta, korar ka aka yi daga gidan hayar?" Na ce a'a, yawon buɗe ido ne. "A daji?" Ban ga laifinta ba. A wajenmu yanzu in aka ce wane ya kwana a daji, ba a tambayar ko ya ji daɗi, sai dai a tambayi nawa aka biya aka karɓo shi. Ta yi min addu'a, ta ce in riƙe azkar, sannan kada in kuskura in kwanta a ƙasa haka kawai, sanyin ƙasa har ƙashi yake shiga. Azkar ɗin na riƙe.

Shirin ya fi tafiyar tsawo. Bature ya turo mana jerin kaya kamar na lefe: tantuna biyu, jakar barci, tabarmar soso, rigar ruwa da wandonta, takalmin hawan dutse, safar ulu ƙafa uku, hular sanyi, safar hannu, fitilar ɗaurawa a goshi, taswirar takarda, kamfas, risho da gas ɗinsa. A ƙasan jerin ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ban da auduga. Na duba akwatina, kusan duk abin da na zo da shi daga gida auduga ne, tun daga singileti har wandon jins. Ya yi min bayanin da ya zauna min. Abin da ya sa muke son auduga a Zariya, wato ta sha gumi ta riƙe shi ta sanyaya jiki, shi ne ya mayar da ita abokiyar gaba a kan dutse. Ka yi gumi wajen hawa, ka tsaya hutawa, iska ta bugi jiƙaƙƙiyar riga, cikin minti kaɗan haƙoranka sun fara haɗuwa. Su hawa uku suke sa kaya. Na jikin fata mara nauyi ne mai saurin bushewa, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare ruwa da iska. In zafi ya dame ka ka cire ɗaya, in ka tsaya ka mayar. Babbar riga ɗaya mai kauri, irin wadda kowane baƙo ke rugawa ya saya makon farko da isowarsa, ba ta yin wannan aikin.

Na zaga shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, na sami rigar ruwa fam 12, rigar ulu fam 6. Takalmi kam sabo na saya fam 35, na yi mako guda ina zuwa aji da shi don ya saba da ƙafata kada ya yi min kanta a kan hanya. Tanti da jakar barci aro na yi daga ƙungiyar ɗalibai masu hawan duwatsu. Badamagare shi sayen tasa jakar ya yi, ya zo yana taƙama wai an rubuta tana ɗaukar sanyin digiri 10 ƙasa da sifili. Bature ya juya takardar jikinta ya nuna masa lambobi uku. Ta farko ita ce sanyin da mutum zai yi barci cikin daɗi, ta biyu inda zai kwana a dunƙule, ta ukun kuwa, wadda abokina ya karanta, ma'anarta kawai da wuya ka mutu kafin gari ya waye. Lambar farko a tasa jakar 8 ce sama da sifili. Washegari ya mayar ya canzo.

Sai maganar tabarma. Na ɗaga ta a shago, soso ne da bai fi kaurin yatsa ba, an naɗe shi kamar tabarmar kaba, kuɗinsa fam 8. Ciwon ɗalibin da ya zo daga Najeriya shi ne lissafi, komai sai ya juya shi zuwa naira. A lokacin fam ɗaya ya haura naira 2,000, ke nan sosan nan ya tasam ma naira 17,000. Na ce haba, ina da dardumar salla, ina da bargona mai hoton damisa da na sayo a Sabon Gari, wanda ya raka ni hunturu shida. Na ajiye musu kayansu. Da Bature ya tambaye ni ko komai ya kammala, na ce masa an gama.

Abinci bai ba mu wahala ba. Nama a unguwar Cheetham Hill ta Manchester muka saya, inda shagunan halal suke birjik, matar Likita ta yi mana dambun nama cike da roba, tunda kilishi doka ba ta bari a shigo da shi ƙasar. Muka haɗa da garin kwaki, ƙuliƙuli, yaji, dabino, Indomie, burodi da kifin gwangwani. Badamagare ya ce shi ko Lahira za a je ba ya barin butar shayinsa, ya ɗauko ta da ƙananan kofuna da ɗan murhun waya da ledar gawayi.

Mun sa ranar 18 ga wata, sai hasashen yanayi ya ɓaci. Su nan guguwa suna sa mata suna kamar jaririya, wannan Ashley aka raɗa mata, kuma ranar Lahadi 20 ga wata ta sauka a kan yammacin ƙasar da Sikotlan. Ni na so a tafi a haka tunda mun riga mun shirya. Bature ya ƙi ƙememe, ya nuna mana cewa akwai hasashe na musamman da ake fitarwa don kan duwatsu, dabam da na cikin gari, mai faɗin ƙarfin iska a ƙololuwa da inda gajimare zai sauko. Aka ɗaga zuwa Juma'a 25 ga wata.

Bayan sallar Juma'a muka kama hanya, wajen biyu da rabi, but ɗin mota a cike har da kaya a kan cinya. Muka bi babbar hanyar M61 muka faɗa ta M6 muka miƙe arewa. Tafiyar ba ta kai mil 90 ba, wadda ya kamata a yi cikin awa biyu, amma cunkoson yammacin Juma'a ya cinye mana kusan uku. Mun tsaya a wurin hutawar matafiya kusa da Lancaster muka yi la'asar ƙasaru a kan ciyawa gefen wurin ajiye motoci, ba wanda ya ko ɗaga kai. Abin da har yau ban saba da shi ba shi ne a yi doguwar tafiya irin wannan ba shinge ko ɗaya. Daga Zariya zuwa Kano, wadda kusan tsawonsu ɗaya, direba ya san sau nawa zai rage gudu ya sauke gilashi ya ce "ranka ya daɗe", hannunsa na laluben canji. A nan ba mai tsayar da kai, amma na'urorin ɗaukar hoto na sama suna ƙirga gudunka, tarar kuma ta same ka a gida cikin ambulan. Likita ya ce an taɓa aiko masa, kuma na'urar ba ta san "Allah ya ba ka haƙuri" ba. Badamagare ya ce lallai Bakano ya gamu da gamonsa, wurin da ba a ciniki.

Muka sauka daga babbar hanya a mahaɗa ta 36, muka bi A591 ta Windermere. Nan na fara ganin abin da aka kawo ni in gani. Tafkin Windermere na hagunmu, shi ne mafi girma a Ingila, tsawonsa ya haura mil 10, itatuwan bakinsa kuwa kamar an watsa musu lalle da kurkur da manja. Kalmar da muke fassara wannan lokaci da ita, kaka, ta riƙa yi min wani iri a baki. Kaka a wajenmu dammunan gero ne da dawa, sabuwar gyaɗa, kuɗi a aljihun manomi, bukukuwan aure, dambe. A nan kuwa rana ce ke gajarta, itace ya janye koren ganyensa ya bar rawaya da ja kafin ya zubar, mutane kuma su cika mota su zo kallon ganye yana mutuwa. Na tuna gawo, wanda yake zubar da nasa da damina ya yi kore shar da rani, ba wanda ya taɓa biyan kuɗin mota don ya je kallonsa.

Daga Ambleside hanya ta tsuke. Katangun duwatsu dama da hagu, waɗanda aka jera ba siminti ba laka, in mota ta taho sai ɗaya ya raɓe. Muka wuce Skelwith Bridge da Chapel Stile, sabis ɗin waya ya ɗauke, muka isa sansanin biyar ta gota. Kwana biyu kowa ya biya kusan fam 30. Na tambayi Bature don me ba za mu sami wani fili can mu kafa kyauta ba, ga daji iya ganinka. Ya ce dajin nan kowane taku da mai shi, a Ingila sai da izinin mai ƙasa, Sikotlan ce dokar 2003 ta ba mutane damar kafa tanti a mafi yawan filayen da ba a killace ba.

Rana za ta faɗi wajen shida saura, amma a cikin kwari duwatsu kan haɗiye ta tun kafin lokacin, ga yayyafi ya fara. A nan na gane amfanin abin da Bature ya tilasta mana mako biyu baya, wato kafa tantin a filin wasa na unguwa, yara suna mana dariya. Da a wannan duhun za mu fara koyon wace sanda ke shiga wace kafa, da mun kwana a mota. Ya hana mu wani wuri mai laushi da na zaɓa, ya ce kwari ne, ruwa zai kwanta. Ya sa muka juya wa iska bayan tantin, muka kafa turaku a karkace, muka ɗaure kowace igiya. Likita ya tsaya riƙe da ƙugu yana ba da labarin tantunan Mina masu na'urar sanyaya ɗaki. Na ce, "Yaya, riƙe min wannan igiyar, ladan ya fi na labari." Muka duba kamfas don magariba. A gida gabas muke cewa, a nan kuwa alƙibla kudu maso gabas take, kusan digiri 120 daga arewa, har yanzu jikina bai gama yarda ba.

Bayan mun ci Indomie da dambu a tsugune, Badamagare ya hura gawayinsa a kan wani faffaɗan dutse ya ɗora shayi. Ruwa ya ƙaru, sai ya ɗauki murhun zai shiga da shi bakin tanti, ya ce ai haka ake yi da hunturu, a sa kaskon garwashi a ɗaki. Ban taɓa jin Likita ya ɗaga murya ba sai ranar. "Kai, ajiye shi nan! Wallahi ba za a shiga da shi ba." Ya ce garwashi na fitar da iskar nan mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, irin ta janareta da ke kashe iyali guda cikin dare, kuma ko ya yi kamar ya mutu yana ci gaba da fitar da ita. Ɗakin soro ma yana da zurfi da kafofi, tanti kuwa leda ce ka shiga ka zuge. Risho ma a waje ake kunna shi. Muka sha shayin a tsaye cikin ruwa, aka kashe garwashin.

Ni da Badamagare tanti ɗaya. Na shimfiɗa darduma, na ninka bargo biyu a kai, na shiga jaka na zuge, na ji ɗumi, har na yi wa kaina murna a kan fam 8. Wajen sha ɗaya na farka. Samana da ɗumi, amma bayana da ƙuguna kamar na kwanta a kan ƙanƙarar mai sayar da zoɓo. Na juya dama, kafaɗar dama ta ɗauka. Na juya hagu, haka. Hausa ta raba ɗari da sanyi, kuma sai a daren nan na san hikimar. Ɗari shi ne namu na hunturu, busasshe, mai fasa leɓe da dunduniya, wanda bargo ke maganinsa. Wannan kuwa sanyi ne na ainihi, mai laima, daga ƙasa yake tasowa. Jakar barci iskar da ta tara a cikin abin da aka cusa mata ce ke riƙe ɗumi, to inda nauyinka ya danne ta ba sauran iska, jikinka na manne da ƙasar da ta sha ruwan wata guda, ita kuma zuƙe ɗuminka take ba ta ƙoshi. Bargon damisa ya sha laima ya koma nata ɓangaren. Na tashi na sa duk kayan da na zo da su. Na zazzage jakar goyo na tura ta ƙarƙashin bayana. Na toshe 'yan tagogin iska na saman tanti, wai kada ɗumi ya fita. Ruwa na dukan leda kamar ana watsa tsakuwa, wata tunkiya na tari can kamar tsoho, Badamagare kuwa a kan tabarmarsa yana munshari hankali kwance. Na duba waya ƙarfe ɗaya. Na yi azkar, na ƙirga kuɗin makaranta, na tuna duk wanda na taɓa ɓata wa, na sake dubawa, ɗaya da minti ashirin. Dare a ƙarshen Oktoba a can ya kai awa 14, kuma ina jin ban bar ko ɗaya ta wuce ban gaisa da ita ba.

Da asuba ɗigon ruwa ya sauka a goshina. Na ce shi ke nan tantin aro yana yoyo. Ba yoyo ba ne, numfashinmu ne ya taru a jikin leda saboda tagogin da na toshe, ya koma raɓa ya jiƙa mana jakunkuna. Bature ya leƙo, ya ga darduma, ya ga damisa, ya dube ni. Bai ce komai ba, abin da ya fi zagi ciwo. Likita ne ya ce, "Bazazzagi, ashe rowa ta bar Kano ta koma Zariya?" Ba ni da bakin ramawa.

Risho ma ya yi mana nasa. Wutar ta fito 'yar ƙarama tana lumshewa. Gwangwanin gas ɗin da Likita ya kawo irin wanda ake kira butan ne zalla, wanda in sanyi ya kusa sifili ba ya son tashi ya zama iska, kuma yana ƙara yin sanyi in ana amfani da shi. Na Bature gauraye ne da wani gas ɗin, furofan, shi ya tafasa mana ruwa. Na dama garin kwaki da ruwan ɗumi da madara da ƙuliƙuli, na sha shayi kofi biyu, raina ya dawo.

Tara da rabi muka kama hawan Stickle Ghyll, hanyar da ke bin gefen wata ƙorama mai gangarowa da ƙara. Ruwa ya tsagaita. Sai da muka ratsa gonar wani kafin mu fara hawa, ta wata 'yar ƙofa da doka ta ba kowa damar bi muddin ya rufe ta bayansa, na ce ashe su ma suna da burtali, sai dai nasu na mutane ne kuma ba wanda ya nome shi. Gangaren duka ya yi ja kamar tsatsa saboda wata ciyawa mai faɗin ganye da ta bushe. Tumaki ko'ina, ba makiyayi ba kare. Herdwick ake kiran irinsu, gajeru masu kaurin ƙafa, jiki toka-toka fuska fara, a haife su baƙaƙe su yi ta haske suna girma. Kowace garke ta san yankinta a kan dutsen ba tare da shinge ba, 'ya ta koya daga uwa, mai su kuma ya shafa musu fenti a gadon baya don shaida. Badamagare ya tsaya yana kallonsu ya ce, "Yanzu waɗannan haka suke kwana? Ko gab da Layya?" Kusa da balami ko uda dai ba za su yi kasuwa a wajenmu ba, amma balami ba zai kwana ɗaya a nan ba.

Hawan ya ɗauke mu awa ɗaya da rabi. Kowa ka gamu da shi sai ya gaishe ka, mutanen da a Manchester za ku shekara kuna haɗuwa a matakala ba ko kallo. Wasu tsofaffi biyu, mata da miji, da ba za su gaza shekara 70 ba, suka wuce mu da sandunansu suna hira, Likita na zaune a kan dutse yana haki. Na ce, "Yaya, wannan fa ba Dala ba ce, ba matakalar siminti." Ya ce in bari ya sami numfashi zai ba ni amsa a kan Kufena.

A sama sai ga tafki kwance, Stickle Tarn, baƙi ƙirin, bayansa bangon dutsen Pavey Ark a tsaye, gefe guda Harrison Stickle mai tsayin mita 736 kansa cikin gajimare. Abin dariya, dutse mafi tsayi a Ingila duka, Scafell Pike, mita 978 ne, bai kai tudun da garin Jos ke zaune a kai ba. Amma kada lamba ta ruɗe ka. Iskar da ta tarye mu a bakin tafkin ta sa cikin minti biyar na mayar da rigunan da na tuɓe a hanya, na ƙara hula da safar hannu. Bayan waɗannan duwatsun akwai wani ƙauye, Seathwaite, da ke samun ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara, wajen ninki uku na Zariya. Bature ya dubi gajimaren ya dubi agogo ya ce ƙololuwa ba ta yau ba ce. Masu ceton waɗanda suka maƙale a duwatsun nan 'yan sa-kai ne, da gudummawar jama'a suke aiki, ya ce ba ya son ya zama dalilin da za a taso su daga gidajensu.

A nan muka yi azahar. Na yi alwala da ruwan ƙoramar, kafin in kai ga ƙafa yatsuna sun daina jin komai. Muna cikin salla na ji kare na tahowa, sai wata dattijuwa ta janye shi ta tsaya can nesa har muka sallame, sannan ta wuce ta ɗaga mana hannu.

Da muka sauko ban jira an ce min ba, na roƙi Likita ya kai ni Ambleside. Garin kusan kowane shago na uku na kayan hawan dutse ne. Irin tabarmar da na raina a Manchester na samu fam 14, na biya ban juya shi zuwa naira ba. Muka ci soyayyen kifi da dankali a tsaye bakin titi muka koma.

Daren Asabar sama ta washe, sanyi ya fi na jiya, taurari kuwa tun barina gida ban ga irinsu ba. Badamagare ya yi shayinsa hawa uku a waje, Bature ya sha na farko ya yamutsa fuska, ya nemi na uku. Wannan karon na bi ƙa'ida. Na ci na ƙoshi kafin in kwanta, na canza zuwa busassun kaya da busasshiyar safa, na sa hula, na bar tagogin iska a buɗe. Likita ya cika min gorar ƙarfe da ruwan zafi ya sa ta cikin safa ya ce in tura wajen ƙafafu. Waya da kayan gobe su ma cikin jakar suka kwana. Ƙasa ɗaya ce da ta jiya, jaka ɗaya, bambancin kawai soson nan mai kaurin yatsa. Ban san inda kaina yake ba sai asuba. A daren ne ma aka mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya, ƙarfe biyu ta koma ɗaya, kamar yadda suke yi kowace Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Wayata ta gyara kanta, agogon hannun Likita bai gyara ba, ya tashe mu salla alfijir bai ko yi niyya ba. Na gode Allah da ƙarin awar nan ba a daren Juma'a ta faɗo ba.

Da hantsi muka naɗe tantuna a jiƙe, muka tsince ko ɓawon dabino, muka kamo hanya. Mai ya tashi fam 10 kowa. Kafin la'asar muna Manchester, biyar ba ta yi ba duhu ya rufa.

Na baza tantin a kan ƙofar ɗaki da kujera don kada ya yi fumfuna a ci ni tara, bargon damisa kuma na kan na'urar ɗumi yana tururi. Umma ta kira, tana mamakin yadda agogonmu da ya yi wata bakwai daidai da nasu yau ya koma baya. Ta tambayi ko mun ga namun daji, na ce tumaki ne kawai. Ta ce, "Ba dai ka kwanta a ƙasa ba ko?" Na ce a'a Umma, tabarma na saya. Ta ce nawa? Na ce sha huɗu. Ta ce kai, ashe can ma akwai abu mai araha.